Yadda ake tsara dokar hana kamun fizge a fatsar kifin salmon, da yadda ake tsaron ta a bakin kogi

Matsalar kamun fizge ta samo asali ne daga halin kifin kansa. Salmon na tekun Pasifik, wato chinook da coho da sockeye da pink da chum, idan ya baro ruwan gishiri ya kama hanyar kogin da aka ƙyanƙyashe shi domin ya yi ƙwai, yakan daina cin abinci. Da kitsen jikinsa yake tafiya har ya isa, ya yi ƙwai, ya mutu. A hanya sukan yi dandazo a gurbi mai zurfi, ko ƙarƙashin madatsar ruwa, ko ƙofar gidan ƙyanƙyasar kifi, ɗaruruwa a wuri ɗaya, jiki na gogar jiki. Mai fatsa yana tsaye a gaɓa yana hango bayansu baƙi ƙirin a cikin ruwa, tun safe yake jefa koto amma ko kallo bai ishe su ba. A nan ne zuciya ke raya wa wasu su bi gajeriyar hanya.

Gajeriyar hanyar ita ce kamun fizge: a jefa ƙugiya mai nauyi cikin taron kifi, a bari ta nutse, sannan a fizgo sanda da ƙarfi domin ƙugiyar ta caki kifi a duk inda ta same shi, baya ko ciki ko wutsiya. Kifin bai kai baki ba, an dai soke shi ne aka janyo. Kayan aikin da aka fi sani ita ce babbar ƙugiya mai baki uku wadda aka narka dalma a jikin sandarta, a ɗaure ta a zare mai kauri da sanda mai tauri.

An taɓa halatta wannan a wurare da dama na Amurka. Da jihar Mishigan ta fara zuba coho a ƙoramun Tafkin Mishigan a 1966, ta biyo da chinook a shekarar da ta biyo baya, mutane da yawa sun ɗauka cewa kifin da ya shigo kogi ba ya cin ƙugiya, kuma tunda mutuwa zai yi, gara a kwashe shi ta kowace hanya. Daga baya aka gane chinook da coho suna kai wa abin da ya gifta gabansu cizo saboda faɗa da tsare wuri, ko da ba yunwa suke ji ba, don haka ana iya kama su ta baki. Jihar Niyok ta haramta kamun fizge a 1995, har a Kogin Salmon da ke garin Pulaski inda abin ya fi yin ƙamari. A Ingila da Wales kuwa dokar kifin salmon da kifin ruwan daɗi ta 1975 ta lissafa kayan fizge da mashi da tarkon waya da fitila cikin abubuwan da aka hana.

Dalilan hanawar ba su tsaya ga batun ladabin wasa ba. Kifin da aka caka a ciki ya kuɓuce yana tafiya da rauni, raunin ya kama ruɓa a ruwa mai ɗumi, sau da yawa ya mutu da dubban ƙwai a cikinsa bai kai gurbin da zai zuba su ba. Ƙugiyar fizge ba ta zaɓe: a kogunan da kifin gidan ƙyanƙyasa ke tafiya tare da na dawa wanda doka ta kare, sai ta cake na dawan, kuma sakin kifin da aka farke wa ciki ba ya dawo masa da lafiya. Ga kuma haɗari ga mutane, domin dalma da ƙugiya idan suka suɓuce daga dutse sukan dawo gaɓa da ƙarfin majajjawa, inda jama'a ke tsaye kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ya fi wahala a wannan aiki shi ne tabbatar da niyya. Duk wanda aka tsare zai ce ya ji cizo ne ya ja. Saboda haka doka mai amfani ita ce wadda ta rataya a kan abin da jami'i zai iya aunawa da ma'auni, ko ya duba a agogo, ko ya nuna a hoto.

A fara da ma'anar laifin

Akwai hanya biyu ta fayyace kamun fizge, kuma kowace ita kaɗai tana da ɓaraka. Alaska ta bi ta inda ƙugiya ta kama: fizge shi ne kama kifi a wani wuri da ba baki ba. Jihar Washinton ta bi ta aikin da mutum ya yi: ƙoƙarin kama kifi ta yadda ba shi da kansa ya ɗauki ƙugiya a bakinsa ba. Ta farko tana da sauƙin tabbatarwa idan kifi yana hannu, amma ba ta kama wanda ya yini yana fizga bai samu komai ba. Ta biyu tana kama shi, sai dai tana buƙatar shaidar ido mai ƙarfi. Shi ya sa jihohin biyu kowace ta ƙara wasu sassa don toshe gibin, kuma mai rubuta doka ya kamata ya haɗa abu uku.

Na farko, a haramta ƙoƙarin kansa, ko an kama kifi ko ba a kama ba. Na biyu, a haramta riƙe kifin da ƙugiya ta kama a jiki, ko da bisa kuskure ne. Wannan shi ne sashen da ke sauƙaƙa wa jami'i aiki, domin ba ya tambayar niyya: rauni yana wutsiya, kifi yana cikin jakarka, magana ta ƙare. Na uku, a wajabta sakin irin wannan kifi nan take, kamar yadda dokar Alaska ta ce. Kalmar "nan take" tana da nauyi. In babu ita, mutum zai janyo kifi tudu, ya cire ƙugiya daga baya ya maƙala ta a baki, ya ce yana shirin saki ne aka iske shi.

Sai a yanke hukunci a kan kai. Kifi yakan kai wa abin yaudara, wato koton ƙarya, sara ya kuskure, ƙugiya ta kama shi a haɓa ko gefen fuska. Washinton ta yarda a riƙe kifin da aka kama a cikin baki ko a kai, ta kuma fayyace kai da cewa duk abin da ke gaban ƙarshen murfin da kifi ke numfashi ta ƙarƙashinsa. Alfanun wannan shi ne iyaka ce da ido ke gani, babu gardama. Illarsa ita ce gwanayen fizge sukan koyi auna kai. A kogin da ruwansa garau yake, inda ake hango kifi ɗaya ɗaya, mun fi ganin dacewar a ce baki kawai. A kogi mai laka kuwa, inda ba a iya auna komai, barin kai a cikin halal yana rage shari'o'in da ba su da amfani.

Ƙugiya, dalma da zare

Nan ne ƙashin bayan dokar yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Ƙugiya ta zama guda ɗaya mai baki ɗaya. Mai baki uku kowane gefe ta juya tana da tsinin da zai kama, mai baki ɗaya kuwa sau da yawa takan zame a kan ɓawon kifi ta wuce. Sannan a ƙayyade faɗin bakinta, wato tazarar da ke tsakanin tsini da sandar ƙugiya. Dokar hana fizge ta Washinton ta ce kada ya wuce kashi uku cikin huɗu na inci, kimanin milimita 19. A ƙoramun Niyok da ke zuba cikin Tafkin Ontariyo, a lokacin hawan kifi, iyakar rabin inci ce, kusan milimita 13. A ruwan da Alaska ta keɓe wa masu ƙudan roba kawai, wato ƙugiyar da aka yi wa ado ta yi kama da ƙwaro, kamar yankin Kogin Russian da ke haɗuwa da Kogin Kenai, kashi uku cikin takwas na inci ne, ƙasa kaɗan da milimita 10. Girman kifin da ake nema shi ke nuna wanda za a ɗauka: chinook babba ne, ƙugiya ƙarama ainun za ta riƙa miƙewa tana barin masu gaskiya hannu rabbana, sockeye kuwa ba ya buƙatar fiye da ƙaramar. Kada a taɓa rubuta girma da lambar da kamfani ke bugawa a fakiti, domin lamba ɗaya a kamfanoni biyu ba lallai ta zo daidai ba. A rubuta awo, a kuma faɗi yadda ake yin sa: daga tsini kai tsaye zuwa cikin sandar ƙugiya.

Dalma ita ce ke mayar da ƙugiya makami. Idan nauyi yana jikin ƙugiyar ko yana ƙarƙashinta, zare yakan miƙe tsam, duk fizgar da aka yi tana isa tsini da cikakken ƙarfi. Idan an ɗaga dalma sama aka bar ƙugiya tana lilo a zare mai sassauci, ƙarfin fizgar yakan mutu kafin ya kai. Saboda haka Washinton ta hana sa dalma a ƙasan koto ko a ƙasa da inci 12 a samansa, kimanin santimita 30. Alaska a ruwan ƙudan roba ta ce inci 18, kimanin santimita 46, ta kuma ƙayyade nauyin ƙudan kansa ƙasa da kwatar oza, kimanin giram 7. Niyok tana da gwaji mai sauƙi da ya cancanci a kwaikwaya: a riƙe zaren a tsaye, kada wata dalma ta sauko ƙasa da ƙugiya. Jami'i yana iya yin wannan gwajin da hannu ɗaya a gaban mai kayan, shi ma ya gani da idonsa.

Akwai wasu kurakurai da ake yawan faɗawa. Idan aka hana ƙugiya mai baki uku ko'ina ba togaciya, an hukunta masu abin yaudara mai iyo a saman ruwa da masu jan zare a bayan kwalekwale, alhali waɗannan ba sa iya fizgar kifin da ke kwance a ƙasa. Washinton ta cire su daga dokar, da sharaɗin, ga masu abin yaudara mai iyo, ba a ƙara masa ko zaren wani nauyi ba. In aka manta da wannan sharaɗi, sai mutum ya ɗauko abin yaudara mai iyo, ya huda shi ya cika shi da dalma, ya koma aikinsa. Haka nan sa zare mai launi ko ɗan auduga a jikin ƙugiyar fizge ba ya mayar da ita ƙudan roba, don haka dole doka ta faɗi nauyin da ƙuda ba zai wuce ba. Wani salo kuma shi ne a shimfiɗa zare a ƙasan kogi a bar shi, a jira kifi ya bi ta kansa a ɗaga. Maganinsa sashen da ke cewa zare da dalma da koto su kasance suna tafiya muddin suna cikin ruwa, kuma Washinton tana amfani da shi a wasu kogunanta.

Danne kunnen ƙugiya, wato ɗan ƙayar da ke hana ta fita daga nama, kamar yadda ake buƙata a ƙoramun Birtish Kolombiya ta Kanada, ba ya hana fizge. Amfaninsa yana rage ɓarnar kifin da za a saka, kuma kifin da aka caka a jiki ya fi saurin suɓucewa.

Kamun sakace

Da aka matsa wa masu fizge, sai wani salo ya yaɗu wanda masu fatsa a can ke kwatanta shi da sakace haƙori da zare. Kifi yana fuskantar ruwa yana buɗe baki yana rufewa domin numfashi. Mai fatsa yakan sa dogon zare tsakanin dalma da ƙugiya, wani lokaci mita uku ko fiye, ya jefa sama da kifin, ruwa ya kwaso zaren ya ratsa ta cikin bakin da ke buɗe. Dalma ta ci gaba da gangarawa, zaren yana zamewa ta bakin har ƙugiya ta iso ta kama. Kifin bai ci ba, amma ga ƙugiya a baki. An san wannan sosai a kamun sockeye a Kogin Kenai na Alaska da Kogin Fraser na Kanada, tunda sockeye ƙananan halittun ruwa yake ci a teku, ba kasafai yake kula koto a kogi ba.

Alamarsa ita ce ƙugiya takan shiga daga waje zuwa ciki, a kusurwar bakin da ke nesa da mai fatsa. Kifin da ya ci da kansa yawanci ƙugiya tana cikin baki, ta fito daga ciki zuwa waje. Sai dai wannan alama ce kawai, kotu ba ta cika dogara da ita ita kaɗai ba.

A nan hukuma ta fara tsayar da matsayinta kafin ta rubuta komai. In dokarta ta ce baki kawai, to sakace halal ne, gara a faɗa a fili, a tsare kifi ta hanyar ƙayyade adadin da mutum zai ɗauka a rana. In kuwa ta ce sai kifi ya ɗauka da kansa, to haram ne, kuma hanyar hana shi ita ce ƙayyade tsawon zaren. Niyok ta ce tazarar da ke tsakanin ƙugiya da kowace dalma kada ta wuce ƙafa 4, kimanin mita 1.2. Wato doka cikakkiya tana da iyaka biyu, ta ƙasa domin hana fizge, ta sama domin hana sakace. Mafi munin hali shi ne a bar abin a dunƙule, jami'i ɗaya ya ci tara, wani ya wuce ya yi gaisuwa. Wannan yana zubar da kimar dokar gaba ɗaya a idon masu fatsa.

Lokaci da wuri

Yawancin ɓarna da dare ake yin ta, da fitilar goshi. Rufe kogi da dare ya fi kowane sashe sauƙin tsarewa, domin duk wanda aka samu zarensa a ruwa ya yi laifi. Washinton a inda ta sa wannan doka takan rufe daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta. Niyok a ƙoramun Tafkin Ontariyo rabin awa take amfani da shi. A ɗaure lokacin da jadawalin faɗuwar rana na hukuma, kada a rubuta "bayan duhu", domin duhu abin gardama ne.

A rufe inda kifi ke tsayawa dole. Alaska ta hana fatsa a cikin ƙafa 300 daga shingen ƙirgar kifi ko matakalar da kifi ke bi ya haye madatsa, kimanin mita 90, Washinton kuwa ƙafa 400 a ƙasan madatsa, kimanin mita 120. A kafa alamar iyaka a gaɓa biyu, a ɗauki hotonta da wurinta a taswira a farkon kowane lokacin kamu, saboda ambaliya takan tafi da allo, mutane ma sukan tumɓuke shi. Inda akwai gada ko bakin ƙorama, a yi iyaka da su, su ba sa gusawa.

Hukuma ta riƙe ikon rufe kogi cikin gaggawa. A shekarar da ruwa ya ja baya ya yi ɗumi, kifi yakan cushe a gurabe kaɗan, ya galabaita, fizge ya yi sauƙi. Jiran taron hukuma na wata mai zuwa daidai yake da barin abin ya wuce.

Wasu wurare sun bar ƙofa a buɗe da gangan. A Alaska ana halatta fizge a ruwan gishiri a wurare da yawa, kamar gaɓar Seward. Jihar Ilinoyi tana barin a fizgi chinook da coho a wasu tasoshin ruwa na Tafkin Mishigan, har da na Shikago, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Disamba, inda kifin da aka zuba ke dawowa babu gurbin yin ƙwai. Wannan yana da hujja idan kifin na gidan ƙyanƙyasa ne kuma ba ya gauraye da na dawa. Haɗarinsa shi ne kayan fizge sukan zama halal a kasuwa da cikin mota, don haka sai a ƙara sashen da ya hana mallakar su a bakin ruwan da aka hana.

Aikin jami'i a bakin kogi

Da zarar an hango motar hukuma, hannun kowa yakan gyaru. Saboda haka aikin yana farawa ne kafin a ga jami'i. Tsarin da ya fi aiki shi ne mutum biyu: ɗaya a ɓoye a tudu ko a ɗaya gaɓar da madubin hangen nesa da kyamara, ko cikin kayan gida a tsakiyar masu fatsa, ɗayan cikin kaki yana jira a mafitar hanya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne fitowar alfijir, da gab da magariba, da ranakun ƙarshen mako na tsakiyar hawan kifi.

Mai kallo ya san bambancin hannu. Mai neman cizo yakan bi zarensa da tsinin sanda, ya tsaya, ba ya ja sai ya ji wani abu, kuma jifa da yawa sukan ƙare ba tare da ya ja ba ko sau ɗaya. Mai fizge yakan ja a kowace jifa, a wuri ɗaya, da faɗin hannu har kafaɗarsa ta juya, wani lokaci sau biyu ko uku kafin ya naɗe. Kifin da aka kama a baki yakan girgiza kai, a janyo shi da kai gaba. Wanda aka caka a baya ko wutsiya yakan zo a karkace ko da baya, ya yi gudun da sanda ba ta iya juya shi, tsinin sandar yana kaɗawa daidai da bugun wutsiya.

A rubuta komai a lokacin da yake faruwa: ƙarfe nawa aka fara kallo, nisan da ke tsakani, hasken rana, kalar rigar mutumin da hularsa, jifa nawa ya yi, a nawa ya fizga. Bayani irin "cikin minti 15 ya jefa sau 22, ya fizga a 21" yana tsayawa a gaban alƙali. "Na ga yana fizge" ba ya tsayawa. In ya kama kifi, a rubuta inda ƙugiya take lokacin da kifin ya fito, wanda ya sa raga, wanda ya cire ƙugiya, da inda aka kai kifin. A bar kyamara tana ɗauka ba yankewa, domin bidiyon da aka gutsuttsura lauya zai ce an cire inda kifi ya ci.

Wajen tunkara, a fara da zaren. Dabara ta farko da mai laifi ke yi ita ce ya datse zare ko ya maƙala shi a dutse ya tsinke. Jami'i ya gabatar da kansa, ya ce a naɗo zare a ajiye sanda a ƙasa, ya tsaya inda ruwa ba ya bayansa, ya lura da wuƙar fiɗa tunda kusan kowa yana da ita. Sannan lasisi. Sannan awo, da ɗan ma'aunin ƙarfe da aka yanka daidai iyakar doka: in ya shige tsakanin tsini da sandar ƙugiya da sauran fili, ƙugiyar ta wuce ƙa'ida. A ɗauki hoton ƙugiya da ma'auni tare, da na tazarar dalma a kan tef, kafin a kwance komai.

Sai kifin. A duba bakin ciki da waje, a nemi hujin ƙugiya. A bi jiki da yatsa daga kai zuwa wutsiya, gefe biyu da ciki. Sabon rauni yana da jini ja, gefensa a tsage, ɓawon da ke kewaye ya tashi. Tsohon rauni, na ragar masunta ko cizon dabbar teku ko wata ƙugiyar da ta gabata, yakan yi fari ko toka-toka, gefensa ya daskare. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin a kogin da ake yawan fizge kifi da yawa suna yawo da tabon wani, kuma zalunci ne a ɗora wa mai gaskiya laifin da ba nasa ba. Wasu sukan huda bakin kifi da hannu bayan ya mutu. Irin wannan huji ba ya jini, kuma ba ya da yagewar da jan kifi mai rai ke bari. Wasu kuma sukan fiɗe kifin nan da nan su jefar da fata, don haka yana da kyau doka ta hana yanyanka kifi a bakin ruwa sai a wurin da aka keɓe. A duba akwatin ƙanƙara da jakar baya gwargwadon ikon bincike da doka ta bayar. Gawar kifi mace da aka farke aka kwashe ƙwai aka yar a ciyawa laifi ne na daban, na ɓarnar nama, a rubuta shi daban.

Duk abin da aka ƙwace, sanda da ƙugiya da kifi, a sa masa lamba da kwanan wata da sa hannu, a ba mai shi rasit, a daskarar da kifin ɗungurungum.

Jami'i ya yi amfani da hankali. Baƙon da ya zo da ƙugiyar da ta ɗara iyaka da milimita ɗaya, hannunsa kuma na mai neman cizo ne, gargaɗi da nuni sun ishe shi. Wanda ya ɓoye ƙugiya mai dalma a cikin takalmin ruwa ya san abin da yake yi.

Hukunci da taimakon jama'a

Tarar da ba ta kai kuɗin kifin ba ta zama kuɗin shiga kawai. A Washinton fizge yana cikin manyan laifuffukan fatsa, a rukunin da hukuncinsa ke iya kaiwa tarar dala 5,000 da ɗaurin kwana 364. Amma abin da masu wannan ɗabi'a suka fi tsoro shi ne ƙwace kaya da dakatar da lasisi. Jihohin Amurka suna da yarjejeniya tun 1989, wadda Kolorado da Nebada da Oregon suka fara, cewa wanda aka dakatar a jiha ɗaya ana iya dakatar da shi a sauran da suka shiga. Yana da amfani jami'ai su zauna da masu gabatar da ƙara kafin lokacin kamu, su nuna musu ƙugiyar fizge a hannu da bidiyon hannun mai fizge da na mai neman cizo, domin wanda bai taɓa tsayawa bakin kogi ba yana iya ɗaukar shari'ar kifi abin wasa.

Jami'ai ba za su taɓa isa kowane gurbi ba. Oregon da Mishigan suna da layin waya na kai rahoton masu ɓarna, a Sikotland kuma hukumomin salmon na gunduma ke naɗa masu gadin ruwa. A koya wa jama'a abin da za su faɗa in sun kira: sunan gurbi ko gada mafi kusa, gaɓar da mutumin yake, tufafinsa, lambar motarsa, da abin da suka gani da ido. A gargaɗe su kada su tunkare shi da kansu. Allon bakin hanya ya ɗauki zanen ƙugiya a ainihin girmanta, yadda mutum zai ɗora tasa a kai ya gwada, da zanen zare mai nuna inda dalma za ta zauna, cikin harsunan da masu zuwa kogin ke ji. Shagunan kayan fatsa su samu kwafin dokar makonni kafin a buɗe, tunda su ne ke ɗaura wa baƙi zare.

A ƙarshen lokacin kamu, kada a auna nasara da yawan takardun tara, domin yawansu yana iya nufin an ƙara sintiri ne kawai. A raba adadin laifuffuka da awannin da aka yi ana kallo, a kwatanta shekara da shekara a gurbi ɗaya. A sa ma'aikatan gidan ƙyanƙyasa da masu ƙirga a shinge su riƙa rubuta kifi nawa cikin ɗari ya iso da sabon raunin ƙugiya a jiki ko ƙugiya a maƙale. In wannan adadi bai sauka ba bayan shekara biyu, a koma a duba sashen dalma da tsawon zare tukuna, sannan jadawalin sintirin dare.